Shin ana samun kuɗi da sanya wasannin ƙwallo a YouTube?

Ɗan'uwa daga unguwar Nima a Accra, ka tambaya ko za ka iya yanko wasannin Firimiyar Ingila ka ɗora a YouTube don samun kuɗi. Kada ka fara, domin tashar talabijin ta SuperSport ce ta biya maƙudan kuɗi ta mallaki haƙƙin nuna gasar a yankinmu, kuma manhajar YouTube mai kare haƙƙin mallaka, wato Content ID, tana gano irin wannan bidiyo a toshe shi. Ka dogara da muryarka, ka riƙa sharhi da Hausa kan ƙungiyoyin ƙwallon Ghana, Hearts of Oak da Kotoko, wanda a ganina mutanen zango suna ƙishirwarsa. Idan ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, kuma aka amince da tasharka, YouTube zai ba ka kashi 55 cikin ɗari na kuɗin talla.