Amsa: Ƙanena a Amurka ya ƙi barin ƙwaya

'Yar'uwa, Allah ya shirye shi. Kin tambayi yadda za ki kare shi kafin ya daina. Abin tsoron fentanil ne, wani maganin kashe zafin ciwo mai tsananin ƙarfi: ya fi heroin ƙarfi kusan sau 50, ana cusa shi cikin jabun ƙwayoyi, ido ba ya ganewa. Ki matsa masa ya ajiye Narcan, maganin fesawa a hanci da ke farfaɗo da wanda fentanil ko heroin ya yi wa yawa. Tun 2023 ana sayar da shi can ba takardar likita. Kada ya sha ƙwaya shi kaɗai a ɗaki kulle, kada ya haɗa da giya ko maganin barci. In yana munshari an kasa tashinsa, leɓe ya yi toka-toka, a fesa masa Narcan, a kira 911 (lambar agajin gaggawa ta Amurka), a kwantar da shi ta gefe. Ko ya farfaɗo a kai shi asibiti, Narcan na riga ƙwayar ƙarewa a jiki.