Sabon kamfanin waya zai iya ƙwace kasuwa daga hannun su Tecno da Samsung?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon waya a babbar kasuwar Garwa a Kamaru. Wani dila daga Duwala ya kawo mini waya da tabulet na wani sabon kamfani, da araha, ya ce in yi sari da yawa domin nan da shekara biyu za su doke Tecno. Shin wanda ya zo a makare yana da rabo a harkar nan, ko manya sun riga sun rufe ƙofa?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya sa albarka a kasuwa. Ƙofa ba a rufe take ba, amma kar ka zuba jarinka saboda daɗin bakin dila.

Ita Tecno ɗin ma ai a makare ta zo. A 2006 aka kafa Transsion, kamfanin Sin mai Tecno da itel da Infinix, lokacin da Nokia ke cin karenta babu babbaka. Wanda ya kafa shi, Zhu Zhaojiang, bai je ya yi kokawa da manya a Turai ba. Afirka ya nufa, ya duba abin da suka raina. Ya ga mutum ɗaya yana yawo da waya biyu saboda kira daga wani layi zuwa wani akwai tsada, kamar yadda kowa a nan yake riƙe da MTN da Orange, na Njamena kuma Airtel da Moov. Sai ya kawo waya mai sim biyu. Ya ga ana ɗauke wuta, ya ƙara girman batir. Ya gyara kyamara yadda fuskar baƙar fata za ta fito sosai ko da dare. Sannan ya buɗe Carlcare domin gyara da garanti. Zuwa 2017 ya wuce Samsung a yawan wayoyin da ake sayarwa a Afirka. Ka lura, kusan shekara goma ya ɗauka, ba biyu ba.

Xiaomi ma a 2011 ta fitar da wayarta ta farko, ga shi yau wayarta Redmi ta cika shaguna. Realme kuwa sai 2018 ta ɓullo, amma ita daga gidan Oppo ta fito, da masana'anta da diloli a shirye.

To, waɗanda suka faɗi sun fi waɗanda suka haye yawa, kuma ba talakawa ba ne. Microsoft ya sayi sashen wayar Nokia a 2014, bayan shekara guda ya rubuta asarar sama da dala biliyan 7. Amazon ya fito da Fire Phone a 2014, a 2015 ya janye ta. LG, wanda ya daɗe a fagen, ya daina ƙera waya a 2021. Mara Phones ya buɗe masana'anta a Kigali a 2019, muka yi murna za a samu ta gida, cikin 'yan shekaru masana'antarsa ta Durban a Afirka ta Kudu ta rufe. Kuɗi da kishin ƙasa ba su isa ba.

Dalilin da ya sa sababbin sunaye ke ta fitowa shi ne, ƙera waya yanzu ba wuya. Ƙwaƙwalwarta ana saya daga MediaTek ko Unisoc, manhajar Android ta Google ce, a birnin Shenzhen na Sin kuma akwai masana'antun da za su haɗa maka waya su buga duk sunan da ka zaɓa. Ina kyautata zaton ta dilanka irin wannan ce. Wahalar tana bayan an sayar. Ribar waya mai araha siririya ce, kaso mafi tsoka na ribar duniya Apple ke kwashewa, sai Samsung. Wanda ke sayen sikirin miliyoyi ya fi mai sayen dubbai samun sauƙin farashi, don haka in sabon shiga ya karya kuɗi ƙasa da itel, wani wuri ya rage: batir, ko wurin ajiya, ko rajistar manhajojin Google. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne. Huawei da girmansa ya yi asarar masu saye da yawa a wajen Sin bayan Amurka ta hana shi manhajojin Google a 2019.

A kasuwarmu kuwa, a teburin mai gyara ake yanke hukunci. Waya za ta faɗi daga kan babur, zafin Maris da Afrilu zai kumbura batir, ƙura za ta toshe wurin caji. In Tecno ce, kafin la'asar yaro ya canza sikirin, har a Marwa da Kusiri. In baƙuwa ce, sai a ce a jira kaya daga Duwala, mai ita kuma shagonka zai dawo, ba wurin dila ba. Ga kuma maganar sayarwa: mutanenmu suna ɗaukar waya tamkar akuyar turke, ranar buƙata a kai ta kasuwa. Wadda ba a san sunanta ba, ko rabin kuɗinta ba za a taya ba.

Tabulet ta fi wuya. Tun da iPad ta fito a 2010 Apple ke gaba, Samsung na biye. HP ya gwada da TouchPad a 2011, bai cika wata biyu ba ya tattara. Kuma sikirin waya ya yi girman da mutane da yawa ba sa ganin amfanin ƙara tabulet. Inda sabon shiga ke samun wuri shi ne aiki na musamman: makarantu, karatun Alƙur'ani ga yara, ƙungiyoyin agaji masu ɗaukar bayanai a ƙauyuka. Ɗan ƙasarmu Arthur Zang ya ƙera Cardiopad, tabulet mai auna bugun zuciya a karkara ta tura wa likita a birni, har ya ci kyautar Rolex a 2014. Bai ce zai kara da iPad ba.

Don haka ka tambayi dilan nan: me wayarsa ke yi wa mutumin Garwa wanda itel ba ta yi? In ya ce araha kawai, bai ba ka amsa ba. Ya nuna maka takardar duwan, wato kwastan, ya faɗi inda za a kai garanti a Arewa, ya haɗa maka da sikirin da batir na canji. Ka karɓi kaɗan, in zai yiwu a kan sai an sayar ka biya. Ka ba mai gyaran da ka amince da shi guda ɗaya ya buɗe, ka gwada Play Store da WhatsApp da manhajar tura kuɗi. In ta tsallake bazara ba a dawo maka da ita ba, sai ka ƙara oda.