Ciwon wuyan hannu a wurin girki: me ya kamata a saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. Shekara 7 ke nan ina girki a wani gidan abinci a Kano, ni ce mai tuƙa tuwo, ni ce kuma mai yanka albasa da nama. Yanzu yatsun hannuna na dama suna sagewa, har sukan tashe ni cikin dare. A kemis an nuna mini bandeji mai roba, da wani abin ɗaure wuyan hannu mai ƙarfe a ciki wanda ya fi tsada. Wanne zan saya?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kafin ki fitar da kuɗi, ki lura da yatsun da ke sagewa. Idan babban yatsa ne da manuniya da na tsakiya da gefen na huɗu, ƙaramin kuwa lafiyarsa ƙalau, to alama ce cewa jijiyar da ke kai ji ga waɗannan yatsu ta matsu a cikin tsukakkiyar hanyar da take bi a wuyan hannu, tare da wasu jijiyoyi 9 masu lanƙwasa yatsu. Mutum kan lanƙwashe hannunsa cikin barci bai sani ba, sai hanyar ta ƙara tsukewa, shi ya sa abin ya fi damun ki da dare.

Saboda haka mai ƙarfen za ki saya, domin aikin karan ɗori yake yi, wato riƙe hannu a miƙe har gari ya waye. Bandeji mai roba ba ya hana lanƙwasawa, in kuma aka ɗaure shi tamau ƙara matsi yake yi. Ki gwada tun a shago, ki tabbata na hannun dama ne, wuyan hannun yana miƙe sambal, kuma yatsunki suna motsi ba takura. Da dare za ki sa shi, ba a bakin murhu ba, inda zai hana ki riƙe muciya da kyau ya kuma jiƙe da miya. Ki yi haƙuri da shi mako 4 zuwa 6 kafin ki yanke hukunci.

Ni dai a ganina, abin da ya rage na kuɗin ya tafi ga wuƙa. Dakusasshiyar wuƙa ita ke sa ki danna nama da ƙarfi, ki damƙe mariƙinta har tafin hannu ya yi ja. Ki nemi mai kaurin mariƙi da dutsen wasa ta, ki riƙa ɗaukar tukunya da hannu biyu, kuma ki roƙi uwar ɗakinki a raba tuƙin tuwon tsakaninki da wata.

Ƙwayoyi irin su ibuprofen da diclofenac suna rage zafi, amma shan su kullum na iya jawo gyambon ciki da cutar da ƙoda, don haka kada ki mayar da su abincin safe. Idan sagewar ta daina tafiya ko da rana, ko cokali ya fara suɓuce miki, ko tsokar gindin babban yatsa ta fara ramewa, ki bar sayayya ki je asibiti, kamar Asibitin Ƙashi na Dala, domin a wannan mataki allura ko ƙaramar tiyata ake dubawa. Ki nemi a auna miki suga a can, saboda ciwon suga yana cikin abubuwan da ke kawo wannan matsala.