Tambaya da Amsa: Agogon zamani zan saya ko siririn ban ɗin nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni malamar makaranta ce nan Tudun Wadan Zariya, watan jiya likita ya ce jinina ya ɗan hau, wai in rage gishiri in riƙa takawa da ƙafa kullum. To ɗana ya dage sai na sayi agogon nan na zamani da ake amsa waya da shi, ƙanwata kuma ta ce a'a wancan siririn mai kama da awarwaro da suke ce ma ban ya fi, ni dai kaina ya kulle kuma kuɗin ba wasu masu yawa ba ne. Wayata Tecno ce.
Daga wata malama, Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara sauƙi ya sa kaffara ne. Ni dai in kin bi ta tawa ki ɗauki maganar ƙanwarki.

Kin ga su biyun nan aikinsu na lafiya kusan ɗaya ne. In kika juya bayan kowanne za ki ga wata koriyar fitila tana ƙyaftawa, ita ke haska fata tana ƙirga bugun zuciya, sannan a ciki akwai ɗan abin da ke jin motsin hannu, da shi ake lissafa taku da barci. Abin da agogo ya ɗara ban ɗin da shi shi ne faɗin fuska da amsa kira, wasu har da taswira. Abu ne mai kyau gaskiya, amma ba shi likita ya aike ki ba.

Sai maganar caji, kuma nan ne ni hankalina ya fi tsayawa, don kin san halin wuta a garin nan. Apple Watch da ake ta yayi kamfanin da kansa ya ce cajin na gama-garinsa awa 18 zuwa 24 yake yi, wato kullum sai an jona, kuma ma ba ya aiki sai da iPhone, to da Tecno ɗinki cire shi a lissafi tun yanzu. Galaxy Watch na Samsung yana tafiya da Android amma shi ma kwana ɗaya ne zuwa biyu. Ban irin na Xiaomi ko Huawei kuwa sai ya haura mako guda, wani har kusan biyu, ki jona shi ranar Juma'a ki manta. Na ga mutane da dama agogonsu mai tsada yana kwance cikin durowa saboda gajiya da caji, abin yana ba ni takaici wallahi, kuɗi ne aka zuba.

Yanzu abin da nake so ki riƙe da kyau Hajiya. In kin shiga kasuwar Sabon Gari za a nuna miki masu arha a ce suna auna hawan jini har da suga, don Allah kar ki ɗora lafiyarki a kan wannan lambar. A 2024 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fito ta ja kunnen mutane kada su yarda da agogo ko zoben da ke cewa yana auna suga ba tare da tsira allura ba. Hawan jini kuma, na'urar nan da ake ɗaurawa a dantse tana hurawa tana matsewa ita ce abin dogaro. To rarar kuɗin da za ki samu in kin bar agogo ki haɗa ki sayi ita a kemis, ki riƙa aunawa da safe kina zaune kin huta minti biyar, ki rubuta a ɗan littafi ki kai wa likita.

Ƙirgan takun ma ba wahayi ba ne. Ki hau Keke daga Kwangila zuwa Samaru ki duba, gargadar hanya kaɗai sai ta ƙara miki taku, haka in kina daka ko wanki. Kuma kar taku 10,000 da zai riƙa nuna miki ya ɗaga miki hankali, asalinsa tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a shekarun 1960. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 na motsa jiki a mako ta ce a ƙalla, wato rabin awa sau biyar, bayan La'asar in rana ta yi sanyi ki ja ƙanwar taki ku zaga unguwa da ɗan sauri ya wadatar.

Wajen saye ki duba kwali ki ga an rubuta 5ATM ko IP68, wato alamar yana jure ruwa, saboda alwala, sai dai ki riƙa zame shi ruwa ya ratsa wurin, ki kuma goge ƙasansa don zufa na sa ƙaiƙayi lokacin zafi. Kuma ki sa mai shagon ya haɗa miki shi da wayarki a gabanki kafin ki miƙa kuɗi.