Malam, "recession" ba tsadar kaya ba ce?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Mako mai zuwa zan je intabiyu na aikin banki, an ce suna yawan tambaya a kan "recession". Ni a tunanina tsadar kaya ce. Sannan hankalina a tashe yake, Baba ya dakatar da gininsa ya ajiye kuɗin siminti, don wani a WhatsApp ya ce "inflation" ya sauka, farashi zai karye. Mu jira?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yata. In kika ce musu tsadar kaya, ai kin faɗi tun a bakin ƙofa. "Recession" koma-bayan tattalin arziki ne, wato jimillar abin da ƙasa ke samarwa, GDP, ta ragu rubu'i biyu a jere, wata shida ke nan. Idan abin ya yi tsanani ya ɗauki shekaru sai a ce "depression", irin na Amurka da ya faro a 1929, inda a 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da aikin yi. Tsadar kaya kuwa "inflation" ce, hauhawar farashi. In suka haɗu, tattalin arziki ya tsaya cik ga kaya na tashi, shi ne "stagflation".

Yanzu maganar Baba, wadda ita ce ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Saukar "inflation" ba saukar farashi ba ce. Mota ce da ke gudun 120 ta koma 80. Ta rage gudu, amma gaba take yi, ba ribas ba. Buhun da ya tashi daga dubu goma zuwa dubu goma sha uku bara, in bana ya kai sha huɗu da rabi, za a ce "inflation" ya sauka, alhali kuɗin da Baba zai zaro ƙaruwa suka yi. Sunan wannan "disinflation". Karyewar farashi gaba ɗaya ita ce "deflation", kuma ba kasafai ake ganinta a Najeriya ba.

Mun fa gani da idonmu. Farashin gangar ɗanyen mai ya faɗo daga sama da dala 100 a 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016, ƙasar ta shiga "recession", hauhawar farashi kuma ta haura kashi 18 cikin 100 a Janairun 2017. Da Hukumar Ƙididdiga ta ce an fita daga "recession" a rubu'i na biyu na 2017, haɓakar tattalin arzikin ba ta kai kashi ɗaya ba. Wa ya je kasuwa ya tarar shinkafa ta koma kuɗinta na da? Haka aka maimaita bayan korona: an fita a ƙarshen 2020, amma a Maris 2021 hauhawar ta sake wuce kashi 18.

Kullum sai na yi wannan bayani, kullum sai wani da ya tsinci kalmomin Turanci biyu ya ɗauki murya ya watsa wa dattawa, har da rantsuwa. Ba ya bambance "rate" (saurin tashin farashi) da "price" (farashin kansa), amma shi ne masani. Ku ji tsoron Allah, dukiyar mutane ce.

Siminti na iya sauka don wani dalili nasa, wannan daban. Amma ki gaya wa Baba, cikin ladabi, cewa kuɗin da ke kwance a akwati su ne darajarsu ke raguwa kullum. Ya tambayi dillali farashin yau, ya kwatanta da na wata uku baya, sannan ya yanke shawara. Allah ya ba da sa'ar intabiyu.