Yini ɗaya a Lakwaja: ta ina zan fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar makaranta ce a Zariya. Za mu je biki Lakwaja, kuma akwai yini guda da ba mu da wata hidima. Kullum ta tagar mota nake ganin garin idan za mu kudu. Shin akwai abin da ya isa mutum ya taka ya gani, ko kuwa kifi ne kawai da zafi?

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kifi da zafi kam ba a yi miki ƙarya ba, ki tafi da ruwan sha da lema. Amma tunda daga Zazzau kike, kada ki bari mai keke napep ya fara hawa da ke Dutsen Patti, domin can suke fara kai kowane baƙo. Ki ce ya kai ki unguwar Kabawa.

A nan ne aka binne sarakunan Arewa da Turawa suka tuɓe suka kai zaman gudun hijira. Biyu daga ciki naku ne: Sarkin Zazzau Kwasau, wanda aka tuɓe a farkon zuwan Turawa, da Aliyu Ɗan Sidi, sarki kuma mawaƙi, wanda aka sauke a 1920 ya rasu a can a 1924. Akwai kuma Sarkin Kano Alu. Yana Sakkwato Turawa suka ci Kano a 1903, daga baya aka kama shi, aka fara kai shi Yola sannan Lakwaja, inda ya zauna har Allah ya karɓi ransa a 1926. Fiye da shekara ashirin ke nan bai sake ganin badala ba. Ranar da na fara zuwa na zaci zan tarar da wani gini mai kwarjini. Ina! Kaburbura ne a tsakiyar unguwa, yara na wasa a gefe, sai da wani dattijo ya taso daga inuwa ya nuna mini wane ne a ina. Ki yi sallama, ki nemi izini, ki yi musu addu'a. Ba za ki sha wahalar harshe ba, Hausa na tafiya a unguwar, kuma sarautar garin ma Maigari ake ce mata.

Daga nan ki gangara bakin ruwa, don ruwan ne ya yi garin. A nan Binuwai ta haɗu da Neja. Wani likita Bature, William Baikie, ya kafa zango da kasuwa a wajen 1860, ya koyi Hausa har yana fassara da ita. Bayansa kamfanin Royal Niger ya mai da wurin tashar jiragen ruwansa, kuma a Lakwaja aka sauke tutar kamfanin ranar 1 ga Janairun 1900, aka ɗaga ta Ingila, Lugga (wato Frederick Lugard) ya zama shugaban Arewa. Hedikwatar ba ta daɗe ba aka ɗauke ta, zuwa 1902 tana Zungeru. Shi ya sa tsohon garin bai da faɗi, sa'a biyu ta ishe ki: maƙabartar Turawa, ginshiƙin tunawa da sojojin yaƙin duniya, sai makarantar Holy Trinity da Bishop Ajayi Crowther ya kafa a 1865. A harabarta akwai wasu ƙarafa biyu a tsaye, waɗanda ake cewa bawan da ya taɓa su ya 'yantu. A matsayinki na malama, wannan kam ki ɗauko wa ɗalibanki hotonsa.

Dutsen Patti ki bar shi sai bayan la'asar, lokacin da rana ta yi sanyi. A samansa akwai ɗan gidan hutawar Lugga, ba wani abin kallo ba ne. Abin kallon shi ne kogunan biyu shimfiɗe a ƙasa. Masu rakiya za su ce miki daga nan Flora Shaw, 'yar jaridar da ta zama matar Lugga, ta hango ruwa ta raɗa wa ƙasar suna Najeriya. Ki saurara da murmushi. A jaridar Times ta Landan ta kawo shawarar sunan a 1897, kuma sai 1902 ta auri Lugga.

Idan 'yan biki suka matsa sai an shiga kwale-kwale zuwa mahaɗar, a yi ciniki tun a tudu, kuma duk wanda ba a ba shi rigar kariya daga nutsewa ba ya yi zamansa. Ba ki faɗi watan bikin ba. In ya faɗa Satumba ko Oktoba, ki tambayi masu masaukinku halin da ruwa yake ciki kafin ku baro Zariya, domin a 2012 da 2022 ambaliya ta datse hanyar Abuja, motoci suka yi kwanaki a tsaye wajen Koton Ƙarfe.