Ki karɓi aikin siton, ƙanwata

Wa alaikumus salam. Na ga tambayarki: kin gama karatu a Kwalejin Fasahar Lafiya ta Pankshin, an tura ki siton magunguna a wani asibiti nan Jos, ƙawaye kuma suna ce miki aikin maza ne, wai wanda ake son a hukunta ake jefawa can. Ni ma haka aka ce min da na fara. Ki karɓa.

Ɗaukar kwali akwai masu yinsa. Naki aikin yana kan katin kaya, wanda ake rubuta abin da ya shigo, abin da ya fita da abin da ya rage. Ranar da kika kama aiki ki ƙirga komai da hannunki kafin ki sa hannu a takardar karɓa, ko da wanda zai miƙa miki ya haife ki. Ni kunya ta hana ni, dattijo ne, na sa hannu kawai. Da masu bincike suka zo aka ga giɓi, ni aka tsare da tambaya.

Abin da ya fi ba ni wuya kuma ya fi amfanata shi ne lissafin oda. Ana tara abin da aka yi amfani da shi a wata 3, a raba gida 3, a samu na wata ɗaya. Da sauƙi, ko? To, amma idan maganin maleriya ya yanke kwana 15 a cikin wata, katin zai nuna kamar ba a sha shi sosai ba, alhali babu shi ne. Ki yi oda da wannan adadin, sai ya sake yankewa, ki sake rage oda, haka za a yi ta tafiya ana cewa gwamnati ba ta kawo magani. Da na fara rubuta ranakun da kaya ya yanke a gefen kati ina gyara lissafin da su, rigimarmu da ɗakin magani ta ragu ƙwarai. Kuma ki tuna da damina, bukatar watan Agusta ba ɗaya ba ce da ta Janairu.

Wajen jera kaya, wanda wa'adinsa ya fi kusa shi ke gaba, ko da jiya ya iso.

Sai firji. Yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 zuwa 8 ake ajiye su, a duba ma'aunin zafi safe da yamma a rubuta. Kowa tsoron ɗauke wuta yake yi, an manta cewa ƙanƙara ma tana lalata wasu, irin su penta, mai rigakafin cututtuka biyar a haɗe, da ta ciwon hanta. In sun daskare shi ke nan. Allurar oksitosin, wadda ake yi wa mai haihuwa don tsayar da zubar jini, ita ma sanyi take so. Na sha tarar da ita cikin durowa a ɗakin haihuwa, wai ai Jos akwai sanyi. Ki shiga ɗaki mai rufin kwano a watan Maris ki ji. A nan zamana mace ya yi rana: ungozomomi sun fi sakin jiki da ni su faɗa min gaskiyar inda suke ajiye kaya, har muka daidaita a kan ƙaramar kula mai ƙanƙara a kowane juyin aiki.

Maganar aikin maza kuwa, Farfesa Dora Akunyili ce ta riƙe NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, daga 2001 zuwa 2008, Farfesa Mojisola Adeyeye ta karɓa a 2017. Duk kwalin da ya shigo sitonki ki duba lambar rajistar hukumar a jikinsa. Dillalin da ya fara kawo miki turare ko atamfa, ki mayar masa cikin fara'a, ki kuma sanar da ogarki ranar.

Kada ki yi gaggawar biyan kuɗin wani kwas na ƙaro ilimi. Ki fara iya Excel, manhajar lissafi ta kwamfuta, sosai, ki riƙa tura rahotonki a kan lokaci, don da shi masu tsara rabon kaya a ma'aikatar lafiya ta jiha suke sanin mutum. Ƙirgar ƙarshen wata takan kai mu bayan magariba, don haka ki zauna da maigida ku tsara wannan ranar tun yanzu.